Ninkin da Ke Jikin Wasiƙar Brandreth

Litinin, 5 ga Oktoba, 1998

Sun zo sun kwashe akwatunan yau. Shekara talatin da huɗu ina tara wasiƙun marubutan ƙasar nan da na masu buga musu littattafai, amma cikin awa ɗaya duk suka shige bayan motar kwaleji. Renata, mai kula da tsofaffin takardu a laburaren kwalejin, ta ce ranar 24 za a buɗe nunin wasiƙun ga jama'a, kuma sunana za a rubuta a saman ƙofa: Tarin Orrin Vandermark. Ni ɗin nan, tsohon ma'aikacin gidan waya da bai taɓa taka jami'a ba. Na yi kamar abin bai dame ni ba. Matata Marlys ta ce, "Kai tsoho, rufe bakin mana, kada haƙoran roban su zubo." Ita murnarta ɗaya, ɗakin ɗinkinta ya dawo hannunta.

Wasiƙar Brandreth za su sa a tsakiya, cikin akwatin gilashi, ita kaɗai. Dama na sani. Ita kowa ke tambaya.

Laraba, 7 ga Oktoba

Renata ta ce in rubuta ɗan katin bayanin da za a ajiye a gefen wasiƙar. Ko minti biyar ban yi ba, don shekara goma sha bakwai ke nan ina rera wannan magana a duk taron da aka gayyace ni:

"Daga Hollis Brandreth, mai kamfanin buga littattafai a Rochester, zuwa ga marubuciya Velma Ruddock, Maris 1938. Ya mayar mata da littafinta na biyu, ya ce ta koma kiwon kajinta, su aƙalla suna saka abin da mutum zai ci. Daga ranar da ta karɓi wannan wasiƙa ba ta ƙara buga ko layi ɗaya ba."

Na miƙa mata, ta ce ya yi kyau. Da na fito bakina ɗaci, na ɗora wa kofin laburare laifi.

Juma'a, 9 ga Oktoba

Jarida ta buga hotona da na wasiƙar. Na sayi kwafi huɗu. Hancina ya fito kamar dankali.

Litinin, 12 ga Oktoba

Waya da hantsi. Wata tsohuwa, murya a hankali, wai Misis Constance Yoder daga Canandaigua. Ta ga jarida. Sai ta ce, "Ni 'yar Hollis Brandreth ce." Ashe mutumin ya bar 'ya da rai? Ban taɓa nema ba. Gaskiya ban taɓa son in sani ba.

Tana so ta ga wasiƙar da idonta kafin a buɗe wa jama'a. Na ce to, Alhamis. Faɗa za ta zo yi, na san irinsu. Su zo da lauya ko da hawaye, wani lokaci duka biyun.

Alhamis, 15 ga Oktoba

Da ma faɗan ta zo yi.

'Yar ƙaramar mace, shekara saba'in da tara, da sanda da farar safar hannu tata ta kanta. Wai ta san ba a taɓa tsohuwar takarda da hannu tsirara. Renata ta shimfiɗa wasiƙar a kan tebur, ta ba mu wuri. Matar ta daɗe a sunkuye. Sai ta ɗora yatsa a ƙasan takardar, wurin ƙananan haruffan nan biyu da mai buga tafireta ke sawa, c da b. Sau dubu na gansu, ban taɓa tambayar ko na wane ne ba.

"Ni ce," in ji ta. "Constance Brandreth. Ina da shekara sha tara, ni ke buga wa Baba wasiƙu."

Ta ce babanta mutum ne mai saurin hawa, shi ma ya san halinsa. Don haka ya kafa doka a ofis: duk wasiƙar da ya shifta cikin fushi, a buga, ya sa hannu, amma kada a ninke ta. A kwantar da ita a miƙe cikin durowar ƙasa ta kwana uku. Ran na huɗu ya ciro ya karanta, yawanci sai ya yi tsaki ya rubuta wata. Ma'aikata har suna suka sa wa durowar, wai ɗakin huce haushi. Ta tuna safiyar da aka buga wannan sarai, haƙori ke damunsa. Ya ce, "Connie, kai ta ƙasa." Ita kuma duk rayuwarta ta ɗauka ta kai.

Sai a 1981 wani ya aiko mata da mujallar masu tara wasiƙu, da rubutuna a ciki da hoton wasiƙar. Ta ga alamar ninki.

"Ba wanda ke ninke wasiƙa a ofishin nan sai ni, Mista Vandermark. Ka ga ninkin? Rabi, sannan uku, na ƙaramin ambulan. Haka nake yi. Ina jin na haɗa ta da wasiƙun ranar ne ban lura ba. Lokacin ina soyayya, hankalina ba ya jikina." Ta ɗan yi dariya, dariyar da gara kuka da ita. "Baba bai aika ba. Ni na aika. Ni na rufe wa matar nan baki, aka bar shi da baƙin suna."

Ta roƙi Renata a ba ta minti biyar ranar buɗewa, ta faɗa wa jama'a da bakinta, ta wanke mahaifinta kafin ta bi shi. Renata har da ƙwalla, ta ce wannan ai tarihi ne da kansa. Da Misis Yoder za ta tafi ta riƙe hannuna da hannu biyu, ta gode mini da na adana takardar da kyau.

Na raka ta har mota. Na buɗe mata ƙofa kamar mutumin kirki.

Juma'a, 16 ga Oktoba

Bari in rubuta, tunda ba mai karanta wannan littafi sai ni.

Ni na ninke ta.

A bazarar 1981 na sayi kwali guda na tarkacen kamfanin Brandreth a gwanjo, lokacin da ake rushe tsohon ginin. Rasitai, kwafin wasiƙu na takarda ruwan ɗorawa, sai wannan a can ƙasa, fara tas, da sa hannu, a miƙe kamar yau aka zare ta daga tafireta. Mutumin da ya yi shekara talatin a gidan waya ba sai an gaya masa ba. Takardar da ba ta da ninki ba ta taɓa shiga ambulan ba. Kuma ga shi a cikin kayan mai rubutawa na same ta, ba na wadda aka rubuta wa ba. Na sani tun a wurin, ina tsugune a gaban kwalin.

Amma ranar Asabar ɗin akwai taron ƙungiyarmu ta masu tarawa, kuma Gus Hollenbeck ya shekara goma yana kirana "mai tara rasitai". Wasiƙar da ba a aika ba, abin a kalla ne a ce ayya. Wadda aka aika ta kashe wa marubuciya alƙalami kuwa, labari ce. Na zauna a teburin kicin. Na san irin ambulan ɗin da kamfanoni ke amfani da shi a lokacin, na san yadda sakatarorin da ke ninki. Rabi, sannan uku. Na danne da bayan cokali. Na goga ɗan garin fensir a yatsa na bi layin don ya yi duhun tsufa. Da suka tambayi inda na samo ta, na ce wajen Rochester, na yi murmushi. Suka ɗauka daga dangin Velma ne, ban gyara musu ba.

Me ya hana Velma Ruddock sake rubutu? Oho. Ban sani ba. Ban taɓa sani ba.

Na iya aikin ne har yarinyar da ta buga wasiƙar ta ga ninkin ta ce nata ne.

Asabar, 17 ga Oktoba

Na share ganyen tsakar gida sau biyu. Na biyun babu ganyen.

Lahadi, 18 ga Oktoba

Coci. Ban ji ko kalma ɗaya daga huɗubar ba. Tunanin da nake ta yi, kuma Allah ya gani: shekararta saba'in da tara. Ta riga ta saba da abin. In ta faɗa a gaban jama'a za ta samu sauƙi, a tafa mata, a wanke babanta, kowa ya tafi gida da daɗi. Wa aka cuta?

Kai, Orrin. A cikin coci fa.

Litinin, 19 ga Oktoba

Na je wurin Renata da niyyar in faɗa. Na tarar ana liƙa haruffan sunana a saman ƙofa, sun kai V-A-N. Ta ce, "Mista Vandermark, zo ka gani, sun miƙe?" Na ce na ƙarshen ya ɗan karkace. Aka gyara. Na dawo gida.

Talata, 20 ga Oktoba

Misis Yoder ta bugo. Wai ta rubuta jawabinta, tana so in saurara, tunda ni ne masani. Ta karanta mini a waya, tana tsayawa tana shan iska. Akwai wurin da ta ce, "Ina neman gafarar dangin Velma Ruddock, in akwai wanda ya rage." Akwai wurin da ta ce, "Sakacin yarinya ne, ba muguntar uba ba." Da ta gama ta ce, "Ya yi? Bai yi tsawo ba?"

Na ce ya yi daidai.

Har na ba ta shawara ta cire wata jimla ɗaya da ta maimaita. Ta gode.

Ban taɓa jin ƙyamar muryata kamar yau ba.

Laraba, 21 ga Oktoba

Na ƙi cin abincin rana. Marlys ta ɗauke farantin, ta dawo ta zauna a gabana da kwandon saƙarta. Ta yi layi biyu, sannan ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Cokalin miyata ne, ka sani."

Na ce wane cokali.

"Haba, sarkin wasiƙu. Na shigo daga lambu da tumatir a hannu, kana duƙe a kan tebur, harshe waje kamar ɗan firamare. Ka ɗauka makauniya ka aura?"

Shekara goma sha bakwai! Ta zauna a layin gaba a duk taron da na yi jawabi, da jakarta a cinya. Na ce me ya hana ki magana. Ta ce, "Na ɗauka takarda ce da matattu biyu. Na ce bari tsoho ya yi wasansa, tunda ba giya yake sha ba. Ni ma da nawa kason a ciki, kada ka ɗauka na manta." Ta ajiye saƙar. "Amma yanzu akwai mai rai. In ka bar matar nan ta tashi ranar Asabar ta ɗauki kayanka a kanta, to ni ba zan zauna a wurin ba. A gidan nan ma ban san a wane ɗaki zan zauna ba."

Na ce za su cire sunana.

"Sai me? Ni na san sunanka."

Ta cika wa motar mai da yamma. Ban sa ta ba.

Alhamis, 22 ga Oktoba

Canandaigua. Sau biyu na wuce gidan kafin na tsaya.

Ta yi murna da ganina, abin da ya fi komai muni ke nan. Na buga mata waya tun da safe na ce ina tafe, sai ta gasa kek na tuffa, ta fito da kofuna masu bakin zinariya. Hoton babanta na kan bango, mutum mai ƙaton gashin baki, yana harara kamar haƙorin bai daina ciwo ba. Ta ce in zauna, na ce a tsaye ya fi. Duk abin da na shirya a mota ya gudu. Abin da ya fito kawai: "Misis Yoder, ba ki aika wasiƙar nan ba. Ba wanda ya aika. A miƙe na same ta cikin kayan babanki. Ni na ninke ta."

Tana riƙe da wuƙar kek. Ta ajiye ta a hankali.

"Sake faɗa."

Na sake.

"Da me?"

Na ce da bayan cokali.

"Don me?"

Na ce don wani mutum yana yi mini dariya a ƙungiya. Da na ji shi a fili, a falon nan mai ƙanshin kirfa, sai na so ƙasa ta buɗe.

Ta juya wajen taga. Ba ta yi kuka ba, da ta yi da na fi samun sauƙi. Can ta ce tana da ƙane, Edmund. Da mujallar ta fito ta kira shi ta gaya masa ita ce ta aika, don a gidansu ba a ɓoye laifi. Ya ce ta zubar da sunan Baba a kwata saboda saurayi. Ta mayar masa da baƙar magana, shi ma ya ƙara. Ba su sake zama a tebur ɗaya ba. Ya rasu a 1990, matarsa ce ta bugo ta sanar da ita bayan an binne.

"Shekara tara," in ji ta. "Gidansa na bayan tafkin can. In an kunna fitila ina hangowa."

Na buɗe baki in ce ta yi haƙuri, ta ɗaga hannu.

"Kada ka roƙe ni komai yau, Mista Vandermark. Ban san amsar ba tukuna." Ta tashi da sandarta, ta ɗauko takardun jawabinta daga kan fiyano, ta jefa cikin kwandon shara. "Minti biyar ɗin da aka ba ni, naka ne. Zan zo in ji."

A bakin ƙofa ta miƙo mini kek ɗin a nannaɗe. "Tafi da shi. Don kai na gasa, ba zan iya ci ba."

Yana kan kujerar baya ta mota har yanzu. Na kasa shigo da shi, na kasa zubarwa.

Juma'a, 23 ga Oktoba

Na faɗa wa Renata. Ta cire tabarau ta mayar, ta sake cirewa. Ta ɗauko madubin ƙara girma ta duba layin ninkin, ta ce, "Garin fensir." Sannan ta ce, "Na ba ɗalibai wannan labari shekara shida." Ba ta kira ni Mista ba har na fita. Ta ce sauran akwatunan duk sai an sake bincikawa ɗaya bayan ɗaya. Na rantse mata wannan kaɗai ce. Ta ce, "Da me zan auna?"

Tana da gaskiya.

Asabar, 24 ga Oktoba

An yi. Mutum kamar sittin, da cuku da ruwan inabi a kofin roba. Shugaban kwaleji ya yabe ni tsawon minti goma, don ba wanda ya samu zarafin gaya masa.

Ban kai minti biyar ba. Biyu ma da ƙyar. Na faɗi kwalin, na faɗi durowar ƙasa, na faɗi cokalin. Na ce Hollis Brandreth ya yi fushi ya kuma haɗiye fushinsa, 'yarsa ta yi abin da aka sa ta daidai, ƙaryar tawa ce ni kaɗai. Wani ya yi dariya daga baya, ya ɗauka raha ce, sai ya ga ba kowa. Marlys na layin gaba, jaka a cinya, ita kaɗai nake iya kallo.

Gus Hollenbeck ya tare ni wajen teburin cuku. "Kai Orrin, amma ka iya ninki! Ni da kaina na duba ta a tamanin da ɗaya." Sai ya rage murya. "Wallahi da ni ne da na mutu da abina." Ban san ko zagi ne ko yabo ba, ina jin shi ma bai sani ba.

Misis Yoder ba ta tafa ba, ba ta kalle ni ba. Da mutane suka ragu ta je gaban gilashin ta tsaya. Ina kusa, na ji abin da ta ce, kuma ba da ni take ba.

"Ashe na kai ta ƙasa, Baba."

Litinin, 26 ga Oktoba

Sun sauke haruffan. Fentin wurin ya ɗan fi na gefe haske, in ka matsa kusa za ka iya karanta sunan.

Alhamis, 29 ga Oktoba

Na rubuta wa Misis Yoder shafi uku. Ba amsa. Ba na jira. (Ina jira.)

Alhamis, 5 ga Nuwamba

Na ce wa Marlys zan je sayen batir, sai ga ni a laburare. Ban san me ya kai ni ba.

Wasiƙar na nan a tsakiya. Renata ta sa sabon kati, nata rubutun, ba ado ko kaɗan: "Ba a taɓa aika wannan wasiƙa ba. Ninkin da ke jikinta Orrin Vandermark ne ya yi shi a 1981 don a ɗauka an aika." Ta ce haka zai zauna muddin takardar na hannunsu, wato bayan ni da ita duk mun zama ƙasa.

Wata ɗaliba na tsaye a wurin da jakar goyo, tana taunar cingam. Ta karanta katin, ta sake karantawa, ta juyo ta ga tsoho a gefenta. Ta ce, "Kai! Ka ga wannan? Wane irin mutum ne zai yi haka?"

Ƙofa na bayana, taku huɗu. Ba ta san ni ba, ba za ta taɓa sani ba.

Na ce, "Ni ne."

Ta daina tauna. Ta ce da gaske? Na ce da gaske. Ta ce to don me? Na jawo kujera, don ƙafafuna ba sa son doguwar tsayuwa yanzu, na gaya mata tun daga kwalin.

Batir ɗin na manta. Gobe.